Ku Tambayi Kafinta: Gadon amarya ya fito dabbare-dabbare, ga biki saura sati 3

Salamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan kusan duk saƙon da ya shigo kan kala ne, kamar an haɗa baki, ƙila don lokacin bukukuwa ne kowa na ta haɗa kayan ɗaki. Na ɗauki guda 4 da suka fi kama da na sauran. Mai tambaya kan gara ya yi haƙuri sai wata mai zuwa.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Baba kafinta, dan Allah a taimaka mini. Ƴata zan aurar saura sati 3, na ba wani yaro aikin gado da armuwar, wato kabad ɗin kaya, na ce masa kalar ja mai duhu nake so irin na madaci. Jiya na je dubawa wlh sai da gabana ya faɗi, gadon ya yi dabbare-dabbare wani wuri baƙi ƙirin wani wuri fari-fari kamar ba a taɓa shi ba, ƙafafun kuma sun fi ko'ina duhu. Ya ce wai haka katakon yake, in ya ƙara shafawa sau 2 ya zuba berni zai daidaita. In bar shi ya ƙara ko in hana? Dangin miji za su zo ganin jere kuma kun san bakin mata.
Wata uwar amarya, unguwar Birni, Damagaram

AMSA

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Kafin komai, ki aika yanzu-yanzu a ce masa kar ya kuskura ya zuba bernin nan. Berni, wanda mutanen Kano ke ce wa banish, ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake, kuma da zarar ya bushe a kai aikin gyaran ya ninka.

Yaron ya faɗi gaskiya rabi. Eh, haka katakon yake. Ko ban gani ba na san farin katako ya sa miki, irin mara nauyin nan da ake hawo da shi daga kudancin Najeriya, don shi ne mai araha kuma shi ke da sauƙin aiki. Amma batun in ya ƙara zai daidaita, a nan ya kauce. Ki ɗauka kamar lalle ne Hajiya. In an ƙunsa miki, tafin hannu ya kama ya yi jawur, bayan hannu kuma ya ɗan yi ja kawai, alhali kwaɓi ɗaya ne, mai ƙunshi ɗaya ce. To kalar katako haka take, ba fenti ba ce da ke zama a sama ta rufe komai, shiga take cikin jiki, inda katako ya yi taushi ya sha da yawa ya yi duhu, inda ya yi tauri ya sha kaɗan. In an ƙara, mai shan da yawa shi zai ƙara sha.

Ƙafafun da kika ce sun fi duhu kuwa, ki duba kara. In kika tsoma gindin kara a ruwa ta wajen da aka yanke, zuƙa yake, amma ta gefe ruwan zamewa yake ya wuce. Itace ma ƴan ƙananan bututu ne a jere tun daga saiwa har reshe, su muke ce wa jijiya. Duk inda zarto ya yanke su a gicciye, ko aka yi wa ƙafa ado aka fafe ta, bakin bututun ne a buɗe, shi ya sa yake shanye kala kamar rairayi. Haka ma kewayen ido, wato inda reshe ya fito, jijiyar tana murɗewa ta ɗago kai, sai wurin ya yi baƙi.

Yanzu gyara. Tunda bai sa berni ba akwai sauran dama, kuma sati 3 ya isa har da saura in bai tsaya shan shayi ba.

Ya koma kan sanfefa. Ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi, to ya fara da lamba 80 ko 100 don ya cire kalar da ke sama, ya dawo 120, ya gama da 180. Kar ya tsallaka daga 80 zuwa 180 kai tsaye, don ƙarcen da 80 ta bari 180 ba ta iya share shi, kuma kala a cikin ƙarcen nan take taruwa ta fito layi-layi. Ya bi tsawon jijiya, ba gicciye ba, ba kewaye-kewaye kamar mai wanke tukunya ba. Ya naɗe sanfefar a jikin ɗan guntun katako mai lebur, don in da yatsu ne kawai wani wuri zai ci fiye da wani. Kuma duk fuskar zai goge, daga wannan baki zuwa wancan. Na sha ganin yara su tasa wurin baƙin kaɗai a gaba suna ta gurza, a ƙarshe su yi rami, in haske ya bugi allon gadon ka ga kwari kamar hanyar da ruwa ya ci.

Zan gaya miki gaskiya don kar ki ce Baba ya yaudare ki: wurin da ya sha sosai ba zai koma fari tas ba, kalar ta nutse. Ba komai, so muke bambancin ya ragu.

Bayan nan ne sirrin yake, abin da ya kamata ya yi tun farko. Ya kaɗe ƙura sarai, ya ɗebi berni awo 1 ya zuba masa diliyan, wato ruwan da ake sirka berni da fenti da shi, awo 2, ya zama tsararo kamar ruwan shayi, ya shafe katakon duka da shi, ya sa tsumma ya goge abin da bai shiga ba, ya bar shi ya kwana. Abin da ke faruwa, wurare masu ƙishin nan su ne za su fi shan tsararon, su ƙoshi, gobe in kala ta zo ba su da sauran wuri mai yawa. Da safe ya ɗan bi da 220 sama-sama, kamar mai shafa kan yaro, sannan kala. Bakin ƙafafun ya ba su tsararon sau 2. Sai dai a kula, diliyan iri-iri ne, na bernin da ake ce wa selulos daban, na berni mai mai daban, in aka haɗa wanda bai dace ba sai abin ya tsinke ya yi gudaji kamar nonon da ya kwana. Ya karanta jikin gwangwanin ko ya tambayi mai shagon.

Kalar za ta fito da haske fiye da yadda kike so, dole, tunda mun rage wa katakon ci. Duhun da ya rage a sama za a cike shi: a ɗiga kala kaɗan a cikin bernin, irin wadda ke haɗuwa da shi, a shafa siriri, a bari ya bushe, a duba, a ƙara. Wannan kalar a kan katako take zaune ba a ciki ba, don haka ko'ina daidai take hawa. Shafi 2 ko 3 sirara, sannan farin berni a rufe. In yana da injin feshi ya fi kyau nesa ba kusa ba, in buroshi ne ya yi hannu ɗaya kar ya riƙa komawa inda ya wuce.

Kuma duk wannan kar ya fara a kan gadon. Ya ɗauko guntun da ya rage na katakon nan, ya yi masa komai tun daga sanfefa har berni, ya kawo miki gida ki gani da rana a tsakar gida. In ya ce ya zubar da guntaye, to a gwada a bayan armuwar wajen da zai jingina da bango.

In duk an yi abin ya ƙi, kar ki tsaya jayayya da katako. A tafi kala mai duhu sosai irin ta gasasshen kofi, tana haɗiye dabbare, ko a yi fenti kawai. Ni dai a ganina fenti mai kyau ya fi kalar da ta lalace mutunci. Wani abu kuma Hajiya, ba don in kare yaron ba, farin katako ba zai taɓa zama madaci ba ko an yi masa wanka da kala. Mai son jan katako ya sayi jan katako, kuɗinsa ne dai ba ɗaya ba. Shi laifinsa da bai gaya miki haka ba ranar ciniki.

TAMBAYA TA BIYU

Baba ina wuni. Ni ɗan koyo ne shekarata 2 a gun maigidana. Na haɗa tebur na kaina na farko, da na shafa kala sai duk wajen haɗi ya fito fari, har da shatin yatsa guda 3 a gefe, sannan saman teburin ya yi ratsi-ratsi wani ya hau kan wani. Ban nuna wa maigida ba tukuna.
Ɗanka daga Sabon Gari

AMSA

Lafiya lau ɗana. Na yi dariya da na karanta, don shatin yatsun nan naka ne, ba aljani ba. Gam ne. Lokacin da ka matse haɗin gam ya tsatso, ka sa yatsa ka share, ka dafa gefen tebur da hannun. Farin gam in ya bushe ba a ganinsa, amma ya toshe jijiyar katako ruf, kala ta zo ta tarar ƙofa a kulle. Kamar dai a shafa man shanu a hannu sannan a ce lalle ya kama.

Ni ma an yi mini. Ina yaro na taɓa haɗa wani ɗan benci, tafin hannuna gaba ɗaya ya fito a kai, maigidanmu Allah ya jiƙansa bai ce mini komai ba, ya dai ajiye bencin a ƙofar shago wata guda, duk wanda ya zo sai ya nuna masa ya ce ga sa hannun injiniya.

Ƙara kala a wurin ba ya yi, sai ka cire gam ɗin. Ka samu fasasshen gilas mai miƙaƙƙen baki ko kurfi mai kaifi, ka kankare a hankali kana bin jijiya har ka isa katako, ka bi da sanfefa lambar da ka gama da ita a sauran teburin. Wannan na lambar ka riƙe shi da kyau, in ka gama tebur da 150 ka zo ka goge wurin gyara da 220, wurin zai fi santsi ya ƙi shan kala daidai da maƙwabtansa, ka koma gidan jiya. Sannan ka ɗiga kala da ɗan tsumma, ka baje bakin ya shiga cikin tsohuwar.

Nan gaba in gam ya tsatso kar ka share da yatsa, kuma kar ka bi shi da jiƙaƙƙen tsumma sharkaf, don ruwan narkar da shi yake ya tura shi cikin katako, wurin ya ƙara faɗi. Ka ba shi kamar minti 20 zuwa 30 ya yi kamar danƙo, ka ɗaga shi da kurfi ya fita a dunƙule. A zafin garin nan ma bai kai haka ba. Kuma kafin ka sa kala ka jiƙa tsumma da diliyan ka shafe aikin duka, katako zai yi duhu na ɗan lokaci, duk inda gam yake zai tsaya fari yana kallonka, diliyan ya bushe ya tafi bai bar komai ba. Minti 2 ne, amma ya fi yinin kankara.

Ratsin saman kuma rana ce da iska. Na tabbata a waje ka yi, bakin titi. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, katakon kansa in ya sha rana sai ka kasa dafa shi, lokacin hunturu kuma iskar ba ta da laima ko kaɗan. Abin da aka rubuta a gwangwani, wai a bar kala minti 5 zuwa 10 kafin a goge, an rubuta shi ne don ƙasashe masu sanyi irin Faransa. A Zinder kafin ka kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe, layi na biyu ya hau bakin na farko, wurin ya sha sau 2. Ka shiga inuwa, ka yi da sassafe bayan asuba kafin iska ta taso da ƙura. Ka shafa da tsumma jiƙe sosai, da sauri, falanki ɗaya daga baki zuwa baki, wani busasshen tsumma na hannun hagu kana gogewa. In akwai wani yaro a shagon ku yi ku biyu, ɗaya na shafawa ɗaya na bi. Kuma ka riƙa motsa gwangwanin har ƙasa, garin kalar kwanciya yake, in ba haka ba farkon aiki ya yi haske ƙarshensa ya yi duhu.

Ratsin da ya riga ya yi, in kalar mai ce kuma ba ta kwana ba, tsumma da diliyan na iya tayar da ita ka baje. In irin ta gari ce da ake damawa da ruwa, jiƙaƙƙen tsumma zai yi, sai dai ruwa na tayar da gashin katako, in ya bushe ka kwantar da shi da 220. In ta bushe ƙam, sanfefa.

Ka je ka nuna wa maigidanka. Ya riga ya gani ma, shiru kawai ya yi maka.

TAMBAYA TA UKU

Malam kafinta, ƙofar ɗakina ce. Saboda tsoron gara na shafe ta da baƙin mai na mota, bayan sati na sa kala da berni. Yau kwana 10 tana danƙo, ƙura duk ta manne, wani wuri na sheƙi wani ya dushe. Sannan teburin da muke ɗora tulu ya yi baƙin zobe, kewayen ƙusoshi ma ya yi baƙi.
Wani mushe, malamin makaranta, daga Mirya

AMSA

Mushe, kai da ke koya wa yara, ai ka san ba a rubutu a kan allo mai maiƙo. Baƙin mai ba ya bushewa, ba irin man da ke cikin fenti ba ne, ko shekara ya yi yana nan a mai, berni kuwa ba shi da abin kamawa. Jira ba zai gyara ba. Ka ciro ƙofar ka kwantar a inuwa, ka kankare bernin duka, ka wanke da diliyan kana canza tsumma har ya daina fitowa baƙi, ka bar ta kwana 2, in mai ya sake tsatsowa ka maimaita. Ko da haka ban yi maka alkawarin kala za ta hau daidai ba, ni da ƙofata ce fentin mai zan yi mata mai duhu, shi ma sai na gwada a ƙasan ƙofar na ga ya bushe. Baƙin mai a bar wa ginshiƙin rumfa da ke cikin ƙasa, ba abin da ake taɓawa a ɗaki ba, ga wari ga dattin inji.

Zoben tulu da baƙin ƙusa kuwa abu ɗaya ne, ƙarfe da ruwa ne suka haɗu da wani sinadari da ke cikin itace, irin wanda ke cikin bagaruwa. Dukawa sun san wannan tun kaka da kakanni, da tsatsar ƙarfe suke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa. Jan katako ya fi yawan sinadarin, shi ya sa ya fi yin wannan baƙin. Ruwan jabel, wanda ake faranta tufafi da shi, ba ya cire shi yadda ake so, sai dai ya koɗe wurin. Maganinsa wani farin gari ne da ake ce wa asid okzalik, a narka a ruwan ɗumi a shafe duk saman teburin bayan an cire berni, ya bushe, a ɗauraye da ruwa sosai sau 2 ko 3 kafin a kai sanfefa. Guba ne, a sa safar hannu, a rufe hanci, a ɓoye wa yara, kuma kar a haɗa shi da jabel ko da wasa. In ba ka samu ba ka goge iya abin da ya gogu, ka sa kala mai duhu, tulun kuma a yi masa gindi da faranti.

TAMBAYA TA HUƊU

Ina goge dabbaren ƙofar kanti na filawud sai wani wuri ya canza kala gaba ɗaya, jijiyar ma ta juya gicciye. Mi ya faru?
Mai shago, kusa da Kasuwar Dole

AMSA

Ka huda fatar, Alhaji. Filawud ɓawo-ɓawo ne aka manna, kowane ɓawo jijiyarsa na gicciye da na ƙasansa, na saman mai kyan nan kuma sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Ka cinye shi ka faɗa kan gam da ɓawo na biyu, kuma wannan ba ya komawa. In wurin kaɗan ne kamar ƙwandala, a rufe da tsararon berni, a taɓa shi da kala da ɗan ƙaramin buroshi ana kwaikwayon layin jijiya, daga nesa ba mai lura. In ya kai tafin hannu, ko fenti ko a canza fallen. Filawud ba a kai masa lamba 80, daga 180 ake farawa, da hannu, ba da inji ba.

Tunda shagonka cikin kasuwa yake bari in ƙara maka wannan, har da ɗana na Sabon Gari. Tsumman da aka goge kalar mai ko berni da shi kar a dunƙule a jefa lungu cikin garin katako a kulle shago a tafi gida. Irin man nan in yana bushewa zafi yake fitarwa, in tsumman na dunƙule zafin ba ya samun hanyar fita, yana iya kamawa da wuta shi kaɗai ba ashana. Ka shanya su ɗaya-ɗaya a ƙasa a waje har su bushe su yi tauri, ko ka tsoma su a gwangwanin ruwa kafin ka rufe.